Kamfanoni 14 sun ƙi ɗaukata a Japan: in ɓoye sallata, in ce ba zan koma gida ba?

Assalamu alaikum. Shekarata 29, daga arewacin Najeriya nake. Ina digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a wata jami'a a Japan, da Turanci ake koyar da mu, kuma a watan Satumba zan kammala in Allah Ya so. Tun watan Maris na nemi aiki a kamfanoni 14. Takwas ko kirana ba su yi ba, huɗu sun sallame ni bayan intabiyun farko, biyu kuma na kai zagayen ƙarshe. A duka biyun an tambaye ni shekara nawa zan zauna a Japan, na ce ban sani ba tukuna, watakila uku ko biyar, sai yadda hali ya yi. Bayan mako guda saƙon ban-haƙuri ya iso. Sakamakona ya fi na 'yan ajinmu da dama da suka riga suka samu aiki. Japanancina N3 ne, wato mataki na tsakiya cikin biyar na jarrabawar yaren, inda N1 ne mafi girma. Wani abokina da ya daɗe a nan ya ce laifina ne: in aske gemu, kada in ambaci salla, in rantse musu a kamfaninsu zan tsufa. Ni kuma zuciyata tana gaya mini baƙar fata ce kawai. Mahaifina yana so in dawo, ya ce bai turo ni in zama ɗan can ba. Matata da 'yarmu suna gidanmu, shekara biyu ke nan, kuma ta fara gajiya. Akwai kuma abin da ke hana ni barci: bara na yi wata uku ina wuce awannin aikin da aka yarje wa ɗalibi, saboda kuɗin asibitin mahaifiyata. Me mutanen nan suke nema? In bi shawarar abokina?

Ɗalibi a Japan

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyarta. Saƙon ban-haƙurin nan da yake zuwa maka, ɗaliban Japan suna kiransa oinori, wato “addu'a”, domin a ƙarshensa kamfanin yakan ce yana yi maka fatan nasara a gaba. Su ma yana zuwa musu, wasu sau ashirin ko fiye kafin su dace, su da aka haifa da yaren a baki. To amma wanda yake karanta shi shi kaɗai a ɗaki, iyalinsa suna wata nahiya, zafinsa daban ne, kuma ba zan ce maka ƙaramin abu ba ne.

Maganar fata ba zan share ta ba. Wani bincike da Ma'aikatar Shari'a ta Japan ta fitar a 2017 ya nuna cewa cikin baƙin da suka nemi aiki, kusan ɗaya cikin huɗu ya ce an taɓa ƙin ɗaukarsa saboda shi baƙo ne. Watakila cikin takwas ɗin da ba su kira ka ba akwai irinsu, kuma ba ka da yadda za ka gane. Amma dubi sauran shidan. Hotonka yana manne a takardarka, sunanka yana rubuce, ƙasarka ma haka, duk da haka suka kira ka. Biyu daga ciki suka zaunar da kai gaban manyansu, abin da kamfani ba ya ɓata lokacinsa a kai sai ga wanda yake shirin ɗauka. Waɗannan sun ga fatarka tun farko. Abin da ya kayar da kai a wurinsu ya faru ne a cikin ɗakin, kuma kai da kanka ka faɗe shi a wasiƙarka.

Kamfanin Japan idan zai ɗauki sabon ɗalibi, bai damu ƙwarai da abin da ya iya a yau ba. Sabbin ma'aikata gaba ɗaya sukan fara aiki ranar 1 ga Afrilu, a yi musu horo na makonni ko watanni, a haɗa kowa da wani babba da zai riƙa nuna masa aiki, wani lokaci a kai injiniya mai digiri na biyu ƙasan masana'anta ya yi watanni yana ɗaure kusa. Shekara biyu ko uku na farko kamfanin kashewa yake yi a kanka. Sannan dokar ƙwadagon ƙasar ta sa korar cikakken ma'aikaci abu ne mai wuya sosai. Saboda haka mutumin da ke zaune gabanka a zagayen ƙarshe lissafi ɗaya yake yi a ransa: in na kashe wa yaron nan shekara uku, zai tsaya in ci moriyarsa? Kai kuma ka ce uku ko biyar, sai yadda hali ya yi. A kunnenmu wannan magana ce ta mai tsoron Allah da ba ya son yin alkawarin gaibu. A kunnensa, ka ce masa ranar da ka fara amfani ita ce ranar da za ka tafi. Shi ya sa sakamakonka mai kyau bai cece ka ba, shi ya sa kuma ɗan ajinku mai matsakaicin maki ya riga ka.

Abokinka ya gano ciwon, maganin ne ya kuskure. Kada ka rantse kan abin da ba ka da niyya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu intabiyun nan sukan bi magana da “me ya sa?” sau uku ko huɗu a jere har sai sun taɓo ƙasanta. Za su tambayi ra'ayin iyayenka, su tambayi inda matarka take so ta zauna. Ba kuma dole sai sun ji “har abada” ba, su ma sun san 'ya'yansu suna sauya aiki yanzu. Suna son adadi mai tsawo, da dalili, da alamar cewa an gama shawarar a gida. Misali ka ce: “Niyyata in yi aƙalla shekara goma a wannan kamfani. Shekara biyar na farko ina so in ƙware a zanen na'urorin sarrafa wuta. Iyalina za su zo su same ni da zarar na samu izinin aiki, mun riga mun yi magana da mahaifina. In kamfanin ya so faɗaɗa kasuwarsa zuwa Afirka ta Yamma nan gaba, ina so in zama wanda za a tura.” Amma wannan amsa ba za ta fito daga bakinka da ƙarfi ba sai in gaskiya ce. Ke nan intabiyunka na gaba daga wayar da za ka yi da Baba zai fara. Zan dawo kan wannan.

Huɗun da suka tsaya a zagayen farko, mafi kusa yare ne. N3 tana isar mutum kasuwa da asibiti, amma a tallan aikin ofis da na injiniya abin da za ka fi gani shi ne N2, manyan kamfanoni da yawa kuma N1. Akwai wuraren da ake aiki da Turanci zalla, Rakuten ta mai da shi yaren aiki tun 2012, sai dai wannan ƙofa ta fi buɗuwa ga masu rubuta manhajar kwamfuta. Injiniyan lantarki yana hulɗa da masu aikin ƙasan masana'anta, yana karanta umarnin kiyaye haɗari, yana rubuta rahoton abin da ya lalace, duk da Japananci. Jarrabawar JLPT, wadda take ba da waɗannan matakai na Japananci, sau biyu ake yin ta a shekara, Lahadin farko na Yuli da na Disamba. Rajistar ta Yuli ta wuce, ta Disamba kuma tsakanin Agusta da Satumba ake yi, sakamako sai wajen ƙarshen Janairu. Ka yi rajistar N2, maki 90 cikin 180 ake nema, kuma ka rubuta a takardar neman aikinka cewa za ka zauna ta a Disamba. Kafin nan akwai BJT, jarrabawar Japanancin kasuwanci da ake yi a kwamfuta kusan kowane lokaci, a ba ka makinka nan take. Ka sani kuma JLPT ba ta gwada magana ko kaɗan. Akwai mai N1 da ke daskarewa a intabiyu, akwai mai N3 da ke wucewa saboda bakinsa ya sake. Ka roƙi 'yan ɗakin bincikenku su daina yi maka Turanci, ka je ofishin neman aiki na jami'arku ka nemi a yi maka intabiyun gwaji sau ɗaya ko biyu a mako, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Salon girmamawa da suke kira keigo ba a sa ran baƙo ya iya shi duka. Ka riƙe desu da masu, wato kalmomin ladabi da ake rufe jimla da su, ba tare da zamewa ba, ya wadatar a yawancin wurare.

Takwas ɗin farko kuma, kafin ka yanke musu hukunci ka sake duba abin da ka aika. Fom ɗin da suke kira rirekisho yana da tsarinsa, da hoto mai tsawon santimita 4 da faɗin 3, na kwanan nan, cikin kwat mai duhu. Takardar gabatar da kai da ake kira ES takan tambayi abu uku: wane ne kai, me ka fi ba ƙarfinka a lokacin karatu, me ya sa wannan kamfani. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne jera lambobin yabo, da rubuta dalili ɗaya a aika wa kowa: “Ina son fasahar Japan, ina so in zama gada tsakanin Japan da ƙasata.” Sun karanta wannan sau ɗari. Ka ɗauki abu guda ka buɗe shi: wata na'ura ta ƙi aiki a gwajinku, ku nawa ne, me kuka yi zato, me ya faskara, wa ka je ka tambaya, me ka sauya, nawa aka rage na asarar wuta. Suna son ganin yadda kake tunani da yadda kake tafiya da mutane. A dalilin neman aikin kuma ka ambaci wani kaya na kamfanin da sunansa, da abin da ya bambanta shi da na abokin gasarsa. Ka sa ɗan ƙasar ya duba maka kafin ka aika. Jarrabawar SPI, ta lissafi da fahimtar karatu da kamfanoni ke yi wa masu neman aiki, da makamantanta suna kayar da baƙi da yawa duk da lissafin ba shi da wuya, saurin karanta tambayar ne matsalar. Littafin gwaji guda daga shagon littattafai, a bi shi sau biyu ana duba agogo, yana kawo bambanci.

Akwai wani hali da suke auna ka da shi tun daga imel ɗin farko. Suna kiransa horenso: ka ba da rahoto, ka sanar, ka nemi shawara. Babban abin da shugaban sashe ke tsoro game da baƙo shi ne ya ce “hai, na gane” alhali bai gane ba, ko ya yi kuskure ya yi shiru yana ƙoƙarin gyarawa shi kaɗai har abu ya lalace. Nan tarbiyyarmu takan yi mana tarnaƙi. An koya mana kunya da kara, babba in ya yi magana sai a ce “to”, a sunkuyar da kai. A ɗakin intabiyu, in ba ka fahimci tambaya ba ka ce a maimaita maka, ko ka maido ta da kalmominka ka tambaya ko haka ake nufi. Wannan maki ne a wurinsu. Ka ɗaga kai ka dubi fuskar mai magana, ka fara da amsar kafin bayani, kada ka wuce minti ɗaya sai an nemi ƙari. Ka isa ginin minti goma kafin lokaci, ka cire rigar sanyi tun a waje, ka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, ka ce shitsurei shimasu, wato “gafara dai”, kada ka zauna sai an ce ka zauna. In jirgin ƙasa ya makara, ka buga waya kafin lokacin ya cika, ka karɓi takardar shaidar jinkiri a tasha. Imel ɗinsu kuma kada ya kwana biyu ba amsa.

Sai salla. Ma'aikatar Lafiya da Ƙwadago ta Japan ta sa addini cikin abubuwan da bai kamata a tambayi mai neman aiki ba, sashe na 3 na dokar ƙwadago kuma ya hana bambanta ma'aikaci a albashi ko sharuɗɗan aiki saboda ƙasarsa ko aƙidarsa. Ke nan ba dole ba ne ka buɗe intabiyun farko da wannan magana, kuma yin shiru a nan ba ɓoyewa ba ne. Amma kada ka sa hannu ba ka faɗa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne zagayen ƙarshe, ko bayan sun ba ka alkawarin ɗauka, wanda suke kira naitei. Yawancinsu ba ƙin Musulunci suke yi ba, ba su san me zai ci musu ba ne, kuma abin da ba su iya lissafawa ba tsoronsa suke ji. Ka ba su lissafin. A yankin Tokyo lokacin azahar yana shiga kafin sha biyun rana duk shekara, don haka tana faɗawa cikin hutun cin abinci, wanda doka ta ce aƙalla minti 45 ne ga aikin da ya wuce awa shida, awa guda ga wanda ya wuce takwas. La'asar minti goma ce, masana'antu da yawa kuma suna da ɗan hutu wajen ƙarfe uku. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi, sai magariba ma ta same ka a wurin aiki. Ka gaya musu haka ƙarara: minti goma, sau ɗaya ko biyu, a kowane lungu mai tsabta, kuma za ka biya lokacin. Alwala ma takan jawo ƙorafi. Ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu da barin ruwa a ƙasa yana ɓata musu rai ƙwarai, kuma ba za su gaya maka ba. Ka riƙe ƙaramin tawul ka goge wurin tas, ka kuma tambayi malaminka hukuncin shafa a kan huffi.

Juma'a ta fi wuya, domin ta danganta da nisan masallaci. Ka duba taswira tun kafin ka nemi aikin, ka tambaya ko suna da tsarin zaɓen lokacin shiga da tashi, ko ɗaukar hutu na rabin yini ko na awa-awa. Hutun shekara mai albashi kwana 10 ne bayan wata shida, daga ciki za ka cire ranakun Idi. Gemu kuwa, ka rage shi ya zauna tsaf. Wasu wuraren suna hana shi saboda takunkumin kariya da dole ya manne a fuska, ko saboda tsabtar kayan da ake haɗawa. In dalilin irin wannan ne ka auna da kanka da malaminka, in kuwa ba su da dalili sai “ba mu saba ba”, kai ma ka samu labarin irin zaman da za ka yi a can. Liyafar bayan aiki da ake shan giya ba sharaɗin ɗauka ba ce. In ba za ka je ba, ka nemi cin abincin rana tare da abokan aikinka, domin abin da suke gudu shi ne mutumin da ya ware kansa.

Yanzu abin da ke hana ka barci, kuma ya cancanci ka ɗauke shi da gaske, don ya fi duk na sama haɗari. Izinin ɗalibi awa 28 ne a mako, a haɗe duk ayyukan da kake yi, sai lokacin dogon hutun makaranta da ake yarda da awa 8 a rana. Ranar da za ka sauya izinin zama daga na ɗalibi zuwa na aiki, hukumar shige da fice za ta iya neman takardar harajinka, kuma kuɗin da ka samu a shekara yana tona awannin. An hana mutane a kan wannan bayan kamfani ya riga ya ɗauke su. Ka tsaya cikin iyaka daga yau. Ka je ofishin ƙaramar hukumar da kake zaune ka karɓi takardar harajin bara, ka tattara takardun albashi na watannin nan uku, ka duba ko wani ɓangarensu ya faɗa cikin hutun makaranta. Ka nemo rasiɗan asibitin Mama da shaidar kuɗin da ka tura. Sannan ka kai su ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku, ko wurin gyoseishoshi, wato masu lasisin shirya takardun hukuma, wanda ya ƙware a harkar biza. Cibiyar FRESC da ke Yotsuya a Tokyo ma tana ba baƙi shawara kyauta. Yawanci akan haɗa da takardar bayani da neman afuwa. Ba wanda zai iya ba ka tabbacin sakamako, amma wanda ya faɗa da kansa, ga dalili ga shaida ga gyara, ya fi wanda aka gano. Ka biya bashin inshorar lafiya in akwai, ka kuma cike takardar ɗage biyan fansho ta ɗalibai in ba ka yi ba.

Lokaci bai ƙure maka ba. In Satumba ta zo ba ka samu ba, wanda ya gama jami'a a Japan yana iya neman izinin zama na neman aiki, wata shida, a sabunta sau ɗaya, jimilla shekara guda. Ana buƙatar wasiƙar goyon baya daga jami'a, da shaidar kuɗin zama, da shaidar cewa kana nema da gaske, don haka kada ka goge saƙonnin addu'ar nan, su ma hujja ne. Aikin wucin gadi a ƙarƙashin izinin ɗalibi yana tsayawa da zarar ka kammala, sai ka sake neman izini. Ka kuma sauya inda kake jefa ƙugiya. Fiye da kashi 99 cikin 100 na kamfanonin Japan ƙanana ne da matsakaita, kuma su ne suka fi ƙishin injiniyoyi: masu ƙera sassan mota a Aichi da Shizuoka, masu injuna a gabashin Osaka, da ire-irensu. Suna ɗauka duk shekara, sau da yawa mai kamfanin da kansa zai gan ka. Baƙin ma'aikata a ƙasar sun haura miliyan 2.3 a Oktoban 2024, amma mafi yawa daga Asiya suke, saboda haka wanda ya san Najeriya da Hausa da Turanci ba shi da yawa. Honda tana haɗa babura a Ota ta jihar Ogun, Ajinomoto tana Najeriya tun 1991, Toyota Tsusho ce mai CFAO, kamfanin da ke rarraba motoci da kayayyaki a Afirka. A irin waɗannan wurare da masu yi musu kaya, asalinka jari ne. Ka je wurin farfesanka ka tambaye shi kai tsaye ko akwai kamfanin da zai gabatar da kai. Wannan hanya tana da ƙarfi a fannin kimiyya, sai dai in an ɗauke ka ta nan, janyewa zubar masa da mutunci ne. Akwai kuma cibiyoyin gwamnati na samar wa baƙi aiki a Tokyo da Nagoya da Osaka da Fukuoka, ba a biyan ko yen ɗaya.

Kada gajiya ta sa ka karɓi kowane aiki. Izinin da ya dace da kai shi ne na injiniya da ƙwararru, wanda ake taƙaitawa gijinkoku, kuma sharaɗinsa aikin ya dace da karatunka, albashin kuma kada ya gaza na ɗan ƙasa mai irin aikin. Kamfanin da ya rubuta “injiniya” a takarda ya tura ka wankin kwanuka ko lodin kaya, kai zai jefa cikin matsala ranar sabuntawa. Izinin tokutei gino mataki na ɗaya ya fi sauƙin samu, amma iyakarsa shekara biyar kuma ba a kawo iyali da shi, ka ga bai warware maka komai ba. A takardar sharuɗɗan aiki ka duba ko an cusa kuɗin ƙarin lokaci cikin albashin, da awa nawa ne. Mai digiri na biyu yakan fara da wajen yen dubu 250 zuwa 300 a wata, abin da ke shiga hannu kusan kashi huɗu cikin biyar ne, harajin mazauna kuma sai watan Yuni na shekara ta biyu yake fara cizo. Ka yi lissafin haya da abin da za ka tura gida da wannan, kafin ka yi wa kowa alkawari.

Baba ba aikinka yake ƙi ba, ɗan'uwa. Tsoronsa ya rasa ɗa da jika, su zama mutanen da ake gani a waya. “Sai yadda hali ya yi” ɗin da ta kayar da kai a intabiyu, ita ce kuma take tayar masa da hankali. Kada ka yi maganar a gurguje. Ka fara da wani kawu ko aminin Baba da yake jin maganarsa, sannan ka kira shi da kanka ka shimfiɗa masa komai: shekara nawa, nawa za ka riƙa turowa, yaushe za ka riƙa zuwa. Dogayen hutun Japan uku ne, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, tsakiyar Agusta, da sabuwar shekara, kuma da ɗaya daga ciki haɗe da kwanakin hutunka za ka iya yin mako biyu a gida. Ka gaya masa gaskiya cewa wannan izini ba ya ba da damar ɗauko iyaye su zauna, sai dai ziyara. In bayan duk wannan ya ce shekara uku ce iyakarsa, kuma zuciyarka ba ta yarda ka saɓa masa ba, to ka daina neman kamfanonin da ke renon ma'aikaci na shekara goma. Ka nemi aikin kwantiragi na shekaru, ko kamfanin Japan mai reshe a Najeriya da zai yi murna da mai niyyar komawa. Komawa gida da digirin Japan da yarensu ba faɗuwa ba ce.

Ita kuma maiɗakinka, a wasiƙarka jimla ɗaya ta samu, alhali ita ta fi kowa biyan kuɗin wannan jira. Kafin ka kira Baba, ita za ka fara kira. Ka tambaye ta ko tana son zuwa, ka gaya mata abin da ke jiranta ba tare da ado ba: ƙaramin ɗaki, sanyi, yaren da ba ta ji, miji da ke fita da safe ya dawo da dare, ba dangi ba maƙwabta irin na gida. In ta amince, da zarar izinin aikinka ya fito za ka nemar musu takardar cancantar zama a matsayin iyali daga hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, takardar kuma wata uku take aiki bayan ta fito. Ita ma za ta iya neman izinin aikin awa 28 in tana so, kuma yawancin garuruwa suna da azuzuwan Japananci na masu sa kai, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Abin da za a iya farawa tun wannan makon shi ne fasfo nata da na yarinyar, da takardar shaidar aure, da takardar haihuwa, kuma a tabbatar rubutun sunaye ya zo ɗaya a cikinsu duka, harafi da harafi, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya sa a dawo da takarda. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri, Ya haɗa ku cikin aminci.